Ƙaho, Ganga da Lasifika: Taƙaddamar da Ta Ƙi Ci Ta Ƙi Cinyewa a Gasar Badujalar Amurka

Duk shekara, wajen mako na biyu na watan Agusta, mutum sama da dubu 20 kan hallara a filin wasa na Lucas Oil da ke birnin Indianapolis a jihar Indiana ta Amurka. Ba ƙwallo ce ta tara su ba. Wasan ƙarshe ne na gasar badujalar matasa, wadda ƙungiyar Drum Corps International, da aka fi sani da DCI, take shiryawa tun 1972. Tawaga 12 ce ke kaiwa daren Asabar na ƙarshe, kowacce tana iya ɗaukar matasa har 165, kuma da wuya ka sami wanda ya haura shekara 22 a cikinsu, domin da zarar shekarunka sun kai, doka ta sallame ka. Kowace tawaga takan ɗauki kusan minti 11 zuwa 12 tana nuna abin da ta shafe watanni tana shiryawa.

Wanda ya san badujalar soja ko ta 'yan sanda a faretin ranar 'yancin kai ya san tushen abin, amma sai ya manta da tafiya a layi ɗaya ɗoɗar. Waɗannan matasa gudu suke yi suna busa. Masu ƙahonin tagulla kusan 80 za su watsu a fili, su haɗe, su zana siffofi da jikinsu, su juya da baya a guje, sautin bai karye ba. Akwai 'yan ganguna da ke rataye da kayansu suna bin sahu, akwai masu wasa da tutoci da bindigogin katako da takubba, sannan a bakin fili, gaban 'yan kallo, akwai wani rukuni da ba ya tafiya, masu kaɗa marimba, wato jerin katako da ake bugawa da sanda, da manyan tambura da sauran kayan kiɗan da ba sa ɗaukuwa. A kan wannan rukuni na bakin fili ne rigimar da za mu yi magana a kanta ta fara.

Tambayar a taƙaice ita ce: ya halatta a sa makirufo da lasifika a wasan da asalin martabarsa ita ce ƙarfin huhu da damtse? An amsa ta a hukumance fiye da shekara 20 da suka wuce, aka ce ya halatta. Amma har yau ba a daina cacar baki ba, kuma a ganina masu cacar bakin sun fi ɓata lokaci a kan ɓangaren da ba shi ne matsalar ba.

Daga barikin soja zuwa filin ƙwallo

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙungiyoyin tsofaffin sojojin Amurka, musamman American Legion da VFW, suka riƙa kafa tawagogin ganga da bigila don fareti. Coci-coci, musamman na Katolika, da ƙungiyoyin sikawut suka bi sahu, saboda hanya ce mai araha ta kama yaran unguwa kada su lalace. Tawagar Cadets, alal misali, a wani cocin Katolika na garin Garfield da ke jihar New Jersey aka kafa ta a 1934. Tsofaffin sojojin su ne ke riƙe da dokokin gasa, kuma irin na bariki suka shimfiɗa: a duba kaki, a duba aski, a duba takalmi, alƙali na bin ka da takarda yana cire maki a kan kowane kuskure.

A farkon shekarun 1970 shugabannin manyan tawagogi suka gaji. Suna ganin su ne ke tara jama'a, amma ba su da ta cewa a dokoki, kuma kuɗin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Tawaga 13 suka haɗa kai suka kafa DCI, aka yi gasar farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wisconsin, Anaheim Kingsmen ta lashe. Wannan asali yana da muhimmanci, domin tun daga ranar, tawagogin da ke fafatawa su ne ke rubuta wa kansu doka. Malaman kiɗa su kawo shawara, daraktoci su kaɗa ƙuri'a. Wanda ke tsara wasa kuwa kullum ƙarin kayan aiki yake nema.

Haka aka yi ta sassautawa kaɗan-kaɗan. Bigila mai maɓalli biyu ta shigo a ƙarshen shekarun 1970, mai uku a 1990. A farkon shekarun 1980 aka bar masu marimba da tambura su ajiye kayansu a bakin fili maimakon su rataya su a kafaɗa. A 1984 aka yi watsi da tsarin cire maki a kan kuskure, aka koma ba da maki gwargwadon abin da tawaga ta iya cim ma. A 2000 aka cire sharaɗin cewa dole ƙaho ya kasance bigila irin ta gado, aka ba da damar amfani da ƙahonin da makarantu ke amfani da su. Tsofaffin masoya sun yi kuka, suna cewa tsohuwar bigila ta fi amo da kaifi. Masu goyon baya suka ce sababbin sun fi daidaita murya, kuma in kaka ta ƙare ana iya sayar wa makarantu da su a mayar da kuɗi. Cadets na cikin waɗanda suka fara sauyawa, kuma a shekarar ta yi kunnen doki da Cavaliers a matsayi na ɗaya. Daga nan kowa ya bi.

To ka ga ke nan lasifika ba ta faɗo daga sama ba. Amma ta bambanta da duk sauye-sauyen baya ta fuska ɗaya. Ko bigila mai maɓalli ɗaya ce ko mai uku, numfashin yaro ne ke fitar da sautin. Da aka jona waya, sai wani abu ya shiga tsakanin yaron da kunnen alƙali.

Yadda aka buɗe ƙofar

George Hopkins, wanda ya daɗe yana shugabantar Cadets, shi ne ya yi ta kawo shawarar halatta lasifika shekara bayan shekara ana ƙi, har aka amince a farkon 2003, dokar ta fara aiki a kakar 2004. Hujjar da aka gabatar mai ƙarfi ce, kuma har gobe ban ga wanda ya rushe ta ba. Marimba jerin katako ce da aka ƙera don zauren kiɗa, ba don ta yi gogayya da ƙaho 70 a fili buɗaɗɗe ba. Kafin lasifika, dole mai kaɗa ta ya ɗauki sanda mai taurin kai ya yi ta dukan katakon da iya ƙarfinsa kafin a ji shi a saman benci. Sautin ya fito a bushe, katako ya tsage, wuyan hannu ya sha wahala, kuma yaron ya koma jami'a da salon kiɗan da malaminsa zai ce ya manta da shi. Da makirufo a ƙarƙashin marimba, sai ya kaɗa a natse da sanda mai laushi, kowa ya ji.

Sai dai dokar ba ta tsaya a marimba ba, ta haɗa da muryar ɗan'adam. A kakar farko Carolina Crown ta sa waƙa ta makirufo, Boston Crusaders ta sa mai ba da labari. A 2007 Cadets ta gina wasanta kacokan a kan matasa suna magana ta makirufo a tsakiyar kiɗa, abin da ya fusata 'yan kallo da dama, duk da cewa alƙalai sun ba ta matsayi na biyu a wasan ƙarshe da aka yi a filin Rose Bowl na Pasadena. Waɗanda suka ce tun farko "in aka ba su taki za su nemi kamu" sun ga abin da suka hango. A 2009 aka halatta kayan kiɗa na lantarki, wato fiyano mai haɗa sauti da kuma sautukan da aka naɗa tun da wuri ake danna maɓalli su fito. A 2014 aka ƙara buɗe ƙofa ga duk wani ƙahon tagulla, har da mai zugewa da ake kira turombon.

Mai karatu da ya rayu lokacin da kiɗan fiyano ya fara ture kalangu da kotso a situdiyoyin Kano zai gane zafin da tsofaffin masoyan nan suke ji. Ba cewa suke sabon ba shi da daɗi ba. Cewa suke wani abu ne daban aka lulluɓe da sunan tsohon.

Fili ma yana da baki a maganar

Abin da ba a cika haɗawa da wannan muhawara ba shi ne wurin da ake yin gasar, alhali su biyun tare suka girma. Shekara 30 da ɗoriya wasan ƙarshe yawo yake yi: Denver, Birmingham, Montreal ta Kanada a 1981 da 1982, Madison sau da dama, Orlando, Foxborough, Pasadena. Kusan duk filaye ne da ba rufi. A fili buɗaɗɗe sautin ƙaho kan bugi ƙirjinka ya wuce abinsa, ba ya dawowa. Kana jin farkon kowace busa da ƙarshenta, kuma in tawaga ta yi shiru kwatsam, shirun na gaske ne.

DCI ta mayar da hedikwatarta Indianapolis, ta ƙulla doguwar yarjejeniya da birnin. A 2008 sabon filin bai gama shiryuwa ba, sai aka yi wasan ƙarshe a Bloomington, a filin Jami'ar Indiana, inda Phantom Regiment ta doke Blue Devils da tazarar maki 0.025 kacal. Masoya da yawa na kallon wannan dare a matsayin ƙarshen wani zamani. Daga 2009 zuwa yau Lucas Oil ne gida, in ban da 2020 da annobar korona ta sa aka soke kakar; a 2021 kuma an yi wasanni a can ba tare da ba da maki ba. Lura da shekarar: 2009 ɗin da aka shiga ƙarƙashin rufi ita ce shekarar da kayan lantarki suka shigo.

Dalilan komawa can a bayyane suke. Ba ruwan sama, ba tsawa, ba iskar da za ta kwashe tuta, ba zafin Agusta, ga otal-otal a kusa, ga tabbacin wuri na shekaru. Rufin filin yana buɗuwa, amma a rufe ake barinsa lokacin gasa. Matsalar ita ce gini ne na kankare da ƙarfe da gilashi da aka yi don ihun 'yan kallon ƙwallo ya yi amsa-kuwwa. Ana rataya manyan labule a bayan fili don su tsotse sauti, suna taimakawa, amma ba su kawar da matsalar ba. Bugun ganga mai sauri kan cakuɗe, ƙananan muryoyi masu kauri kan taru su yi gunji. A irin wannan wuri, tawagar da ke iya sarrafa sautinta ta na'ura, ta ɗaga nan ta rage can, tana da galaba a kan wadda ta dogara da huhu kaɗai. Manyan gasannin tsakiyar kaka ma, irin na Alamodome a San Antonio, a rufaffen fili ake yi.

Amma kakar ba a waɗannan filaye take ƙarewa ba. Daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta tawagogi na kan hanya a motocin safa, suna cin dubban mil, suna kwana a daɓen zauren motsa jiki na makarantu, kuma mafi yawan wasanninsu a ƙananan filayen sakandare suke yi. Ko filin J. Birney Crum na Allentown a Pennsylvania, wanda masoya ke ɗauka tamkar wurin ziyara tun shekarun 1970, tsohon fili ne buɗaɗɗe. Lasifikar da aka saita don ta isa ɗakin alƙalai a can saman Lucas Oil, in aka girke ta gaban benci mai hawa 20, wanda ya sayi tikitin layin gaba shi zai sha. Yawancin ƙorafin da za ka ji na cewa "lasifika ta kashe mana kunne" daga irin waɗannan kujeru yake fitowa. Ƙaho 80 kan baje sautinsa ko'ina a faɗin fili, lasifika kuwa daga wuri ɗaya take harbowa, don haka abin da za ka ji ya dogara ƙwarai da inda ka zauna.

Akwai kuma lissafin tazara. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Filin ƙwallon Amurkawa ya kai kusan mita 91 a tsawo da mita 49 a faɗi. Mai busa da ke mita 40 daga bakin fili, sautinsa zai makara da fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda a kiɗa mai sauri ya kai kusan sulusin bugu. Shi ya sa ake horar da na baya su bi hannun madugu da ido, kada su bi kunnensu, na bakin fili kuma su saurari na baya su jira. Wannan na daga cikin ƙwarewar da ake yabon tawaga a kanta. To in aka maƙala wa wanda ke baya makirufo marar waya, muryarsa za ta fito daga lasifikar gaba nan take, ta riga ainihin sautinsa isowa. Dole mai kula da na'ura ya jinkirta ta da gangan, kuma lissafin na sauyawa duk lokacin da yaron ya matsa.

Abin da lantarki ya kawo, da abin da ya ɓoye

Duk wanda ya ce ba a ƙaru da komai ba bai yi adalci ba. A 2014 Bluecoats ta garin Canton a Ohio ta yi wani abu a ƙarshen wasanta mai suna Tilt: ƙahoni suka riƙe murya, na'ura ta karɓe ta ba tare da an ji gaɓar ba, ta lanƙwasa ta, ƙahonin suka sake shigowa a sabuwar murya. Filin ya ruɗe da sowa. Ba yadda za a yi wannan da tagulla zalla. Shekarar da ta biyo baya suka baza lasifiku a cikin filin kansa, sauti yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa, a 2016 kuma suka lashe kofinsu na farko, sun ajiye hula da kaki irin na soja. Kafin su, Carolina Crown ta ci kofin 2013 da wasan da ke cike da muryoyi ta makirufo, kuma a shekarar ba wanda ya yi gardamar cewa masu ƙahonta gwanaye ne. Haka nan makirufo ya ba mai busa shi kaɗai damar yin busa mai taushi, maimakon a ce duk wanda zai fito shi kaɗai sai mai iya ƙwala ƙara.

Inda nake ganin matsalar take shi ne wurare biyu. Na farko, amfani da fiyanon lantarki a ninka muryar manyan ƙahoni masu kauri. A lokacin da tawaga ta kai ƙololuwar kiɗa, ƙasa na girgiza, mai kallo ba zai iya rarrabewa ba ko matasa 12 ko 16 ne da ke saɓe da manyan ƙahoni suka yi aikin, ko yatsa ɗaya ne a kan maɓalli. Na biyu, jera makirufo a bakin fili don ɗaukar dukkan masu busa, ko kuma zaɓar gwanaye kaɗan a maƙala musu makirufo a ɗaga su sama da saura. Tawagar da ke da raunanan 'yan busa tana iya lulluɓe su da wannan dabara.

Ka tuna gasa ce ta maki 100: 40 na tasirin wasa gaba ɗaya, 30 na abin da ido ke gani, 30 na kiɗa. Ana raba matsayi da ɗigon maki, kamar yadda aka gani a 2008. Daidaita ƙarfin sauti tsakanin ɓangarori, wato kada wannan ya danne wancan, yana cikin abin da alƙalan kiɗa ke dubawa, kuma a da aikin kunnen matasan ne. Yanzu wani kaso na wannan aiki yana hannun mai kula da na'urar haɗa sauti, wanda galibi ma'aikaci ne babba, ba ɗan tawaga ba, wani lokaci yana zaune cikin 'yan kallo da allon hannu yana murɗawa. An kafa dokar shekaru don kada ɗan shekara 30 ya shiga fili ya busa ƙaho, amma ga shi yana iya rinjayar yadda ƙahon zai isa kunnen alƙali. Masu kare tsarin kan ce ai mai rubuta kiɗa da mai tsara tafiya ma manya ne. Gaskiya ne, sai dai su aikinsu ya ƙare kafin a busa usur. Shi wannan yana aiki ne a cikin minti 11 ɗin da ake ba da maki.

Wasu kuma kan ce makirufo ba ya gyara mummunar busa, ƙara tona ta yake yi. Wannan ya yi daidai in kowa aka ɗauka. In mutum takwas aka zaɓa cikin 80, ba haka ba ne.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na'urar haɗa sauti, jerin lasifiku, makirufo marasa waya masu yawa, batura, janareta, ƙwararren da zai bi tawaga wata biyu, da gurbin da kayan za su ci a tirela, duk kuɗi ne da babu su a kasafin 2003. Ba su kaɗai suka tsadar da harkar ba, man fetur da abinci da inshora da manyan kayan adon fili sun fi su ci, amma sun ƙaru ne a kan jakin da ya riga ya gaji. Matashin da ke son shiga babbar tawaga yau sai ya biya dubban daloli a kaka ɗaya, ga shi ya rasa aikin hutun bazara. Harkar da aka fara don 'ya'yan unguwa ta koma mafi yawa ta ɗaliban kiɗa na jami'a. A shekarun 1970 tawagogin matasa ɗaruruwa ne a Amurka da Kanada, yau 'yan gommai suka rage. Santa Clara Vanguard, zakarar 2018, ta zauna a gida a kakar 2023 saboda matsalar kuɗi. Cadets kuwa, mai kofin DCI 10, wadda ita ce ta ja gaba wajen shigo da lasifika, ba ta fito a 2024 ba, kuma a shekarar ta shiga hannun kotun fatara, ko da yake nata dalilan sun haɗa da shari'o'in da ba su da alaƙa da kayan sauti.

Sannan na'ura na da ranar ƙin dillanci. Makirufo marar waya ya ɗauke ana tsakiyar busar mutum ɗaya, lasifika ta yi ƙara, ko yayyafi ya sauko a ƙaramin fili a rasa yadda za a yi da wayoyi. Ƙaho da ganga ba ruwansu da yayyafi. Wasan da aka gina a kan lantarki kuwa, in wuta ta ɗauke, rami ne ke bayyana a tsakiyarsa, kuma yaran da ba su yi laifin komai ba su ne makinsu ke raguwa.

Ba na cikin masu cewa a tsinke wayoyi a koma 1985. Matasan da ke cika filin yanzu da lasifika suka tarar da abin, a makarantunsu ma haka ake yi, kuma marimba ba za ta koma shan duka ba. Tawagogin da kansu sun nuna suna iya ja wa kansu layi in sun ga dama: a 2020 an kawo shawarar a halatta kowane irin kayan kiɗa, har da sarewa da dangoginta, aka ƙi. Irin wannan layi ake buƙata a kan sauti. A bar makirufo ga rukunin bakin fili, da mai busa shi kaɗai ko ƙaramin rukuni, da sautukan da tagulla ba za ta iya yi ba. A hana ɗaga dukkan masu busa ta lasifika, a hana na'ura ninka abin da ƙaho ke busawa a lokaci guda, a ƙayyade yawan kayan da tawaga za ta shigo da su don mai ƙaramin ƙarfi ya iya gogayya, kuma a sanar da alƙalan kiɗa a rubuce waɗanne 'yan wasa ne ke ɗauke da makirufo a kowane sashe. Cikas ɗin shi ne masu kaɗa ƙuri'a a kan irin wannan doka su ne daraktocin tawagogin, kuma waɗanda suka fi faɗa a ji a cikinsu su ne suka riga suka zuba kuɗi mafi yawa a kayan.